AMOSANIN JINI DA AWON GADO: ABIN DA BINCIKEN ASIBITI YA GANO DA YADDA YA SHAFI ƘASAR GOBIR

A garuruwa da ƙauyukan da ke bin gaɓar gulaben Bunsuru da Rima, tun daga Isa zuwa Sabon Birni, har a ƙetara iyaka a shiga Tsibiri da Maraɗi, akwai wata kalma da babu macen da ke son a jingina mata ita, watau wabi. Mai wabi ita ce wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa tun ba su yi wayo ba. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan masifa, har ya tanadar mata sunaye. Idan aka ji an kira yaro Ajuji, ko yarinya Ayashe, to an san cewa an binne yayyensu, shi ya sa aka raɗa masu sunan wulaƙanci don a nuna wa mutuwa cewa ba a damu da su ba, ko ta ƙyale su. Yarabawa suna da irin wannan, su ne abiku, Ibo kuma suna da ogbanje.

Ba kowane wabi ne yake da sanadi ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa da yunwa duk sun ci nasu rabon. Amma a cikin gidajen da ake yi wa kallon masu wabi akwai wani kaso da cutarsu ɗaya ce, gadonta ake yi, kuma a yau ana iya gane ta da ɗigon jini guda. Ita ce ake kira amosanin jini, ko amosanin ƙashi, ko kuma sikila a bakin mutanen asibiti. Kowanne daga sunayen nan yana faɗin wani abu game da ita. Wanda ya ce amosanin ƙashi ya faɗi inda ciwon yake cizo. Wanda ya ce amosanin jini ya faɗi inda tushensa yake. Sikila kuwa aro ce daga kalmar Ingilishi mai ma'anar lauje, dalilin wannan suna kuma shi ne mafarin labarin.

YADDA AKA GANO LAUJE A CIKIN JINI

A ƙarshen 1904 aka kwantar da wani saurayi baƙar fata a wani asibiti a birnin Shikago na Amurka. Sunansa Walter Clement Noel, mutumin tsibirin Girenada, ya zo koyon aikin haƙori. Ƙaramin likitan da ya duba jininsa a madubin likita, Ernest Irons, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne kamar faifai, masu laushi, suna lanƙwashewa su ratsa ƙananan jijiyoyi. Na wannan saurayi kuwa da yawansu sun miƙe sun tanƙware kamar lauje, ko kamar jinjirin wata. Babban likitan, James Herrick, shi ya buga bayanin a 1910, kuma daga nan ne littattafan likitancin Turai suke fara lissafin tarihin cutar. Wannan lissafi nasu ne. A ƙasar Gana, likita Felix Konotey-Ahulu ya bi salsalar cutar a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670, domin mutanensa suna da sunanta, sun kuma san gidajen da take bi.

Ganin lauje bai bayyana abin da ke tanƙwara ƙwayar ba. Amsar ta soma fitowa ne a 1949, lokacin da Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka ɗauko himogulobin, watau jan sinadarin da ke cikin ƙwayar jini mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, suka sa shi cikin ruwa suka ratsa ruwan da wutar lantarki. Sai aka ga himogulobin na mai sikila ba ya tafiya daidai da na mai lafiya. Wanda kuma ya gaji abin ta gefe ɗaya kawai, jininsa yakan rabu gida biyu. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa asalin wata cuta lahani ne a ginin sinadari guda. Har yau wannan tseren lantarki shi ne awon da yawancin asibitocin Nijeriya ke yi idan aka ce an je gwajin jinotayif.

A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano ainihin inda lahanin yake. Himogulobin igiyoyi huɗu ne a haɗe, kowace igiya kamar carbi take. Biyu daga cikinsu, waɗanda ake kira bita, kowace tana da duwatsu 146. A jikin mai sikila dutse na shida ne kaɗai aka musanya, sauran 145 suna nan daidai. Daga baya, da aka iya karanta zaren gado, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan DNA, sai aka ga musanyar ta taso ne daga harafi guda. Rubutun gadon ɗan Adam ya kai haruffa wajen biliyan 3, an rubuta shi da baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T. A wuri ɗaya, inda ya kamata a ce GAG, sai aka ce GTG. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ɗigo ke yi wa harafi, ya mai da ba ta zama ta. To haka lamarin yake.

Abin da wannan musanya ke jawowa a jiki a fili yake. Da zarar himogulobin mai lahanin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya riƙa mannewa da ɗan'uwansa, su yi dogayen sanduna su tanƙware ƙwayar. Ƙwayar da ta tanƙware tana taurara, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, sai wurin ya shiga azabar ciwo, musamman ƙashi da ƙirji da ciki. Sa'an nan ba ta daɗewa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Daga nan ne ƙarancin jini yake zuwa, da rawayar ido da ake ɗauka shawara ce. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun yaro yana ƙarami, shi ya sa ciwon huhu ko sanƙarau da wani yaron zai tsallake yakan kashe mai sikila cikin kwana ɗaya. Sanyin hunturu da jiƙewar damina da ƙishirwar bazara duk suna tayar da ciwon, kuma ƙasar Gobir ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba.

LISSAFIN GADO

Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gadon himogulobin sau biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Lafiyayyar ana kiranta A, mai lahanin S. Mai AA bai gaji komai ba. Mai AS yana ɗauke da abin amma lafiyarsa lau, zai yi noma ya yi dambe ya tsufa bai sani ba. Mai SS shi ne majiyyaci. Akwai kuma wani nau'in da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana da ƙasar Yarabawa, kaɗan ne a ƙasar Hausa. Idan C ya gamu da S yakan ba da cutar, ko da yake sau da yawa ba ta kai ta SS tsanani ba. Wannan ya shafi Bagobirin da ya auri taubashiyarsa Bayarabiya, kuma ba abin wasa ba ne ko da tsakaninsu wasa ne.

Idan miji AS ne mata ma AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, biyu cikin huɗu na AS, ɗaya cikin huɗu na AA. A nan ne mutane da yawa suke ɓata lissafi. Ba wai a cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ya kamu ba ne. Ciki ba ya tuna abin da na gabansa ya haifar. Ana iya samun uku a jere duk SS, ana iya samun biyar babu ko ɗaya. In aka lissafa, a cikin irin waɗannan ma'aurata masu 'ya'ya huɗu, kusan gida ɗaya cikin uku ba zai ga cutar ba sam. Amma in 'ya'yan sun kai takwas, kamar yadda aka saba a karkara, gida ɗaya ne kawai cikin goma zai tsira. Shi ya sa shaidar maƙwabci da ya ce shi da matarsa AS ne kuma 'ya'yansu ƙalau ba hujja ba ce.

Abin lura a nan shi ne yadda wannan lissafi yake bayyana a gidan mai mata biyu. A ƙaddara maigida AS ne, uwargida AA, amarya AS. 'Ya'yan uwargida ba wanda zai kamu ko da sun kai goma. Na amarya kuwa za a ga wasu suna kumburin hannu da ƙafa tun suna wata shida, suna kwana kuka, suna komawa. Mutanen gida suna ganin abin da idanunsu, kuma abin da suka gani gaskiya ne: ɗaki ɗaya ake mutuwa. Fassarar ce ke kaucewa. Wasu su ce amarya ce mai wabi, wasu su ce uwargida ce ta yi mata sammu. Shi maigida, wanda rabin cutar daga gare shi ta fito, ba mai ambatonsa. An saki mata da dama, an kuma raba zumunci da dama, a kan wannan kuskure.

Ana yawan ɗora laifin a kan auren zumunci, wanda Gobirawa da Fulanin yankin suke yi ƙwarai. Akwai gaskiya a ciki amma ba ta kai yadda ake zato ba. Inda mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, ko da bare aka aura, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, jariri ɗaya cikin 64 zai zo da SS, watau wajen 16 a cikin 1,000. In 'ya'yan wa da ƙane ne suka yi aure, adadin yakan hau zuwa wajen 22 a cikin 1,000. Ƙari ne, amma wanda ya guje wa 'yar kawunsa ya auro daga Katsina bai kuɓuta ba. Awo ne kaɗai ke rarrabewa.

SAURO DA DARASIN GARKI

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, in dai masu SS suna mutuwa kafin su haihu, me ya hana wannan gado ƙarewa? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, shi ya ba da amsa a 1954. Ya lura cewa S ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, ya kuma nuna cewa yara masu AS sun fi jure zazzaɓin. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa AS tana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100. Watau abin da ke kashe mai SS shi ne ke rayar da ɗan'uwansa mai AS. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Nijeriya ne mai aiki a Amurka, sun yi nazarin zaren gadon dubban mutane suka kai ga cewa musanyar ta faru sau ɗaya ne, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. In haka ne, ta girmi Gobir da Alƙalawa da ma fitowar Gobirawa daga Azbin da dubban shekaru.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙasar Hausa ta fito. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Alan Fleming, malamin ilmin jini a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tare da abokan aikinsa, suka auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai, kashi 24 cikin 100 AS ne. A cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, kashi 29. Ba wanda ke sauya jini yana girma, don haka ma'anar ƙarin ita ce zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA. Masu SS kuwa wajen biyu ne cikin kowane jariri 100, amma da aka duba manya sai da ƙyar ake samun ɗaya. Sun tafi tun suna ƙanana, akasarinsu ba wanda ya taɓa kiran sunan cutarsu.

Garki da Sabon Birni ƙasa iri ɗaya ce ta fuskar yanayi: gajeruwar damina, sauro mai yawa a ƙarshenta, ga kuma fadamun Rima da ke riƙe ruwa bayan an ɗauke sama. Don haka dattijon Isa da zai ce a zamaninsu ba a san sikila ba, ba ƙarya ya yi ba. Ba a san ta ba domin masu ita ba sa kaiwa shekarun da za a san su. Yawan manyan masu sikila da ake gani yau alama ce ta cewa an fara rayuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

AWO DA INDA YAKE TUNTUƁE

Jariri mai SS yakan fito lafiya lau. Wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ita ta bayyana dalili a 1948: ɗan tayi yana da nasa himogulobin dabam, wanda ake kira F, shi kuwa ba ya tanƙwara ƙwaya. Sai bayan haihuwa da 'yan watanni F yake ja baya, S ta karɓi wuri. Waɗannan watanni su ne damar da likita ke da ita. A 1986 wani bincike da Marilyn Gaston ta jagoranta a Amurka ya nuna cewa ba jarirai masu SS fenisilin kullum yana rage mugun ciwon da ke kashe su da kashi 84 cikin 100. Fenisilin ba shi da tsada. In aka haɗa shi da rigakafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi da folik asid, aka kuma koya wa uwa taɓa cikin ɗanta don ta ji kumburin saifa, yawancin yaran za su rayu. Sharaɗin ɗaya ne, a san yaron kafin ya fara ciwo.

A nan ne matsalar awo take shigowa, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Da farko akwai rikicin suna. A Hausa akan ce rukunin jini ga abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Ɗaya shi ne A da B da AB da O, wanda ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Ɗayan shi ne AA da AS da SS. Mutum yakan ce ai shi an gwada shi O ne, ya ɗauka ya tsira daga sikila, alhali ba a ma yi maganarta ba. Wannan aiki ne da ke kan masu nazarin harshe kafin likitoci, domin muddin kalma ɗaya ce ke ɗaukar kaya biyu, za a ci gaba da ɗaura aure a kan takardar da ba ita ake nema ba. Na biyu, akwai wani awo mai araha da ake ɗiga wa jini sinadari a duba ko zai tanƙware. Yana nuna akwai S, amma ba ya raba AS da SS. Na uku, shi kansa tseren lantarki yana son wuta tsayayya, da ruwan awo da bai lalace ba, da jinin da aka riga aka san nau'insa don a gwada da shi, da ma'aikaci mai ido. In ɗaya ya ɓace, AS takan fito a takarda a matsayin AA. Haka kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ake aunawa a jikinsa. Ga jariri sabon haihuwa ma tsohon awon ba ya wadatarwa saboda yawan F, sai da na'ura mai tsada. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyoyi shida masu irin wannan na'ura, ɗaya a kowace shiyya, ta Arewa maso Yamma tana Birnin Kebbi. Daga Sabon Birni sai an wuce Sakkwato kafin a kai can.

Awon zaren gado ya kauce wa yawancin waɗannan matsaloli domin harafin kansa yake karantawa. A 1978 Yuet Wai Kan da Andrée Dozy, a San Faransisko, suka gane sikila a jikin ɗan tayi ta hanyar ƙwayoyin da ke cikin ruwan mahaifa. A 1983 Kary Mullis ya ƙago dabarar da ake kira PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun zaren gado ta yi ta kwafarsa har ya zama miliyoyi, yadda za a iya dubawa. Takardar farko da aka buga a kan dabarar, a 1985, a kan gano sikila take. Ita ce dabarar da duniya ta dogara a kanta wajen gwajin korona a 2020, kuma da ita na'urar GeneXpert ke gano tarin fuka a asibitocin Nijeriya. Awon ɗan tayi kuwa, ko da yake ana yinsa a Legas, yana jawo tambayar abin da za a yi bayan an sani, mazhabar Malikiyya da ake bi a Gobir kuma tana da tsanani a kan zubar da ciki tun daga farkonsa. Saboda haka a wannan yanki amfanin awo yana kafin aure ne da kuma bayan haihuwa.

Ƙirƙirar da ta fi dacewa da ƙauye ta zo ne a 'yan shekarun nan. Akwai 'yan tsinkayen awo irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na gwajin zazzaɓi, ba sa son lantarki, suna raba A da S da C cikin 'yan mintoci, F ɗin jariri kuma ba ya ruɗa su. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta nuna, a binciken da aka buga a 2020, cewa ma'aikatan ɗakunan rigakafi a Gwagwalada suna iya auna jarirai da su a ranar da aka kawo su allura. Akwai kuma na'urar Gazelle, wadda aka ƙago a Jami'ar Case Western ta Amurka. Tseren lantarkin Pauling ne aka ƙanƙance shi ya koma akwati mai batir da mutum zai rataya, yana ba da sakamako cikin minti takwas. Wani babban sashe na gwajinta a kan yaran Kano aka yi shi, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala da asibitin yara na Hasiya Bayero.

A Kano ɗin dai aka yi wani aikin da ya fi wannan nauyi. Kimanin yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Ana iya gane wanda ke cikin haɗari da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A Amurka maganin shi ne ƙarin jini kowane wata, abin da ba zai yiwu ba a inda jini ke wuya. Likitocin Kano, cikinsu har da Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a maimakonsa. Aikin wannan ƙwaya shi ne ta farkar da F ɗin jarirantaka. Sakamakon da aka buga a 2022, a kan yara 220 a Kano da Kaduna, ya nuna cewa ko ƙaramin ma'auni na ƙwayar yana rage haɗarin ƙwarai. An kuma koya wa ma'aikatan jinya sarrafa na'urar, ba sai likita ba.

Ba za a wuce ba a ambaci Niprisan ba, maganin da cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta fitar a shekarun 1990 a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, daga haɗin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo. Uku daga kayan haɗinsa huɗu suna kasuwar Isa: masoro da kanumfari da karan dafi. An fara sayar da shi a 2006 da sunan Nicosan, kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe bayan shekara biyu. Wannan ba izini ba ne ga kowa ya daka kayan yaji ya ɗura wa yaro, domin ma'auni da tacewa su ne maganin.

Warkewa ɗungurungum tana yiwuwa ta hanyar dashen ɓargo daga ɗan'uwan da jininsu ya dace, an kuma fara yinsa a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke amfani da almakashin gado da ake kira CRISPR. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a yanke wurin da ke kashe F bayan haihuwa, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, ban da makonnin jinya. Ya isa a san cewa akwai shi.

DOKA DA HANYA

A watan Mayu na 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin jinotayif da ciwon hanta da ƙanjamau kafin a ɗaura aure. Manufar mai kyau ce, limamai da dama a wasu jihohi ma sun riga sun soma neman takarda kafin su karɓi waliyyai. Sai dai doka ba ta fi awon da ta dogara a kansa inganci ba. Takardar da ta ce AA alhali AS ne ta fi rashin takarda illa, domin ta kawar da shakka. Daɗin daɗawa, lokacin awon yana da muhimmanci. Wanda aka yi ana saura mako guda biki, an kai lefe an buga kati, ba gaskiya ake nema da shi ba, sa hannu ake nema, kuma akwai mai sayarwa. Wanda aka yi wa yaro yana jariri, ko yana makarantar firamare ko ta allo, shi ne zai sa a san inda za a kai kuɗin gaisuwa tun farko.

Akwai kuma haɗarin mai da AS abin kunya. Mutum ɗaya cikin huɗu ba abin ƙyama ba ne, kuma yarinya mai AS da ta auri mai AA ba za ta haifi mai SS ba har abada. Ita kanta mai SS, in ta auri mai AA, 'ya'yanta duk AS za su zama, lafiyarsu lau, ko da yake cikinta yana bukatar kulawar asibiti ta musamman. In ba a bayyana wannan da Hausar da tsohuwa za ta gane ba, sunan wabi ne kawai za a sauya da haruffan boko, a ci gaba da jingina shi ga mace.

Ga mutumin Isa da Sabon Birni, babban asibitin da ke da likitocin jini shi ne na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i a mota. Tun daga 2019 'yan bindiga suka addabi ƙananan hukumomin biyu, dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, ma'aikatan lafiya suka bar ƙauyuka da yawa, bin hanya kuma ya zama kasada. Yaron da saifarsa ta kumbura da dare yana da 'yan sa'o'i ne kafin jininsa ya ƙare. A irin wannan hali, na'urar da ke Birnin Kebbi ko Kano ba ta kai gare shi ba. Abin da zai iya kaiwa shi ne tsinken awo a jakar mai allurar rigakafi, wadda dama takan ga jariri a mako na shida da na goma da na sha huɗu, tun F bai gama ja baya ba, da kwalbar fenisilin da za ta miƙa wa uwar a ranar da layi ya nuna SS.